Zauren Ɗalibai: Wa zai ja ni in fara bincike tun ban kai ajin ƙarshe ba?

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Saƙonnin wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar bincike da furojet, da alama wasu makarantun sun raba sufabaiza ne shi yasa hankalin kowa ya tashi. Na tsinci guda shida, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu ina karanta Maikurobayoloji, tun ina sakandare nake sha'awar harkar bincike amma duk wanda na yi wa maganar sai ya ce in bari sai na kai aji huɗu lokacin furojet. Malaman namu kuma wallahi tsoronsu nake ji, ko ofis ɗinsu ban taɓa shiga ba. Dan Allah ta ina zan fara? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Ƙanwata, masu ce miki ki bari sai aji huɗu ba mugunta suke miki ba, haka suka tarar ana yi, amma dai shawarar ba ta yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki duba yadda ajin ƙarshe yake mana, ga kwasa-kwasai, ga masu kariyoba suna fama da nasu, ga furojet babi biyar da ake so a gama cikin 'yan watanni, in kuma aka yi rashin sa'a yajin aiki ya faɗo a tsakiya irin na ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 2022 da aka fara 14 ga Fabrairu ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, to in an dawo matse samista ake yi kowa yana gudu. A cikin wannan hargitsin ne ake so mutumin da bai taɓa haɗa komai da hannunsa a lab ba ya koyi bincike daga farko. Shi yasa kike ganin kwafe-kwafe ya yi yawa.

Abin da kike nema ɗin nan wasu sun daɗe da yi masa tsari. A jami'ar MIT ta Amurka, tun 1969 wata matashiyar malamar fiziks mai suna Margaret MacVicar ta kafa shirin da suke kira UROP, inda ɗalibi ko ɗan aji ɗaya ne zai iya shiga ɗakin gwajin farfesa ya yi aiki, a ba shi maki ko a biya shi kuɗi. Amma ko a irin waɗannan wuraren ba farfesan ne yake tsayawa a kan yaro kullum ba, ina ya ga lokaci, ɗaliban digiri na uku da waɗanda suka riga yaron shiga lab ɗin su ne suke nuna masa yadda ake komai. Mu nan ba lallai ki samu ofis mai irin wannan sunan ba, amma mutanen suna nan a sashenku, kullum kina wuce su a baranda.

Kuma ma ba sai mun je aro Amurka ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba malam ne yake biya wa kowane kolo karatu ba, gardi ne yake zaunar da yara ya biya musu ya rubuta musu allo, titibiri ma yana jan na ƙasa da shi, malam sai dai a kawo masa ya saurara ya ce a wanke ko a koma a sake. To ke ma gardinki za ki nema, ko in ce gardiyarki in akwai wannan kalmar.

Ga yadda za ki yi. Ki riƙa leƙa lab ɗin sashenku da rana lokacin da 'yan aji huɗu da 'yan mastas suke aikinsu, ki lura wace ce take zuwa kullum, wace ce take da littafin da take rubuta abin da ta yi, ba wadda ta fi kowa surutu ba. In kin same ta kar ki fara da cewa Anti ina so ki zama mai ɗora ni a kan hanyar bincike, maganar ta yi nauyi, za ta ga kamar wani kaya kika zo ki ɗora mata alhali nata ma ya ishe ta. Ki ce Anti in kina buƙatar mai wanke miki kwalabe ko mai rubuta miki sakamako ina da fili Talata da Alhamis bayan azahar. Ni dai ban taɓa ganin ɗan furojet ɗin da ya ƙi ƙarin hannu ba. Sai dai ki tabbata mai kula da lab ɗin ya san da zamanki, ki gaishe shi ki nemi izini, ki sa farar riga da takalmi rufaffe, kar a zo wani abu ya fashe a ce wa ya kawo ki.

A wankin kwalaban nan za ki koyi abin da babu shi a handawut. Ita za ta nuna miki a gindin farantin da ake shuka ƙwayoyin cuta ake rubuta lamba da kwanan wata ba a murfi ba, kuma kife farantin ake yi in za a sa a inkubeta, wato akwatin ɗumin da ake rainonsu, don kar gumin da ya taru a murfi ya ɗiga a kan abin da kika shuka ya dama shi. Ita za ta ce miki otokilef, wato injin kashe ƙwayoyin cuta da tururi, sai ya kai digiri 121 sannan a fara ƙirga minti 15, ba tun daga lokacin da aka kunna ba, kuma ba a ɗaure murfin kwalba tamau in za a sa a ciki. Ta san wa yake riƙe da mukulli, ƙarfe nawa ake tada janareto, da inda ake gudu da samfur in an ɗauke wuta yana cikin firji. Ni kaina ina aji huɗu a murfi na rubuta lambobina, rannan na buɗe faranti takwas a jere ina ta murna abu ya fito, na zo mayar da murafe na rasa wanne ne na wanne, aikin sati biyu ya tafi a banza, wani ɗan mastas da ke gefe ya kalle ni kawai ya ce ai da ka tambaya. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina, don kullum muna tare da mutumin nan, girman kai ne kawai ya hana ni buɗe baki.

Maganar tsoron malamai kuwa ita ma ta nan za ta warware. Ranar da Antin taki za ta kai wa sufabaiza sakamako ki raka ta, ta ce Malam ga ƙanwar da take taya ni aiki, shikenan kin shiga ofis, ya ga fuskarki a kan aiki ba a kan roƙon maki ba. Sannan in lokacin SIWES, wato sanda ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, ya zo kar ki zaɓi wuri don yana kusa da gida kawai a riƙa sa miki hannu a littafi, ki tambayi waɗanda suka je kafin ke ina ne ake barin ɗalibi ya taɓa kayan aiki. Akwai cibiyoyin bincike na gaske a Arewa, irin su IAR ta binciken noma a Samaru, NAPRI ta kiwon dabbobi a Shika, NVRI ta lafiyar dabbobi a Vom kusa da Jos, ga kuma lab ɗin manyan asibitoci.

Tambaya: Salam Malam. Ina aji huɗu an amince da tofik ɗina. Akwai wani siniyanmu da ya gama bara, ya ce in ba shi wani abu ya rubuta min tun daga babi na ɗaya har na biyar, ya ce taimako ne kuma mutane da yawa shi ya yi wa suka ci. Ni kuma gaskiya lokaci ya ƙure min. Meye shawara? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ƙanina wannan ba taimako ba ne, ciniki ne, kuma kayan da zai sayar maka ɗin ma wataƙila ya sayar wa mutum uku kafin kai. Yawanci tsohon kundi suke ɗaukowa su canza sunan ƙaramar hukuma da shekara, sai ka ga an manta shafi ɗaya, taken yana maganar wani gari teburin babi na huɗu yana maganar wani. Makarantu da dama yanzu suna sa kundi a Turnitin, manhajar gano kwafe, kafin a karɓa, kuma satar rubutu laifi ne a dokokin jami'a, ba wai abin kunya kawai ba.

Amma bar ma ta na'ura, ranar difens, ranar da za ka kare aikinka a gaban malamai, ita ce matsalar. Na taɓa zama a wani difens, yaro ya shigo da kwat ɗinsa tsaf, kundi ya sha bandin mai kyau, estana, wato mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a, ya buɗe babi na uku ya ce ka ce mutanen da kake bincike a kansu 1000 ne, ka raba takardun tambayoyi 286, daga ina ka samo 286? Shiru. Yaron nan ya duba silin, ya duba sufabaiza, sufabaiza ya sunkuyar da kai yana juya biro. Alhali amsar ba ta kai minti biyar a koya ba, lissafin Taro Yamane ne na 1967 da 'yan furojet da yawa suke amfani da shi don sanin mutum nawa za a tambaya, ka ɗauki 0.05, wato gwargwadon kuskuren da aka yarda da shi, ka ninka 0.05 da 0.05 ka samu 0.0025, ka ninka da 1000 ya ba ka 2.5, ka ƙara 1 ya zama 3.5, ka raba 1000 da 3.5, ga 286 nan in ka cike. Da siniyan kirki ya samu da a bayan takarda zai zana masa wannan a gindin bishiya. Kayan aro ba ya rufe katara.

In kana son ka gane mai koya maka da mai cinka, abu ɗaya za ka duba, in ya tashi ya tafi za ka iya maimaita abin kai kaɗai? In ka biya mutum ya zauna kusa da kai ya koya maka SPSS, manhajar lissafin bayanai, kai kake danna kwamfutar da bayanan da kai ka tattaro, wannan babu laifi, kuɗin darasi ka biya. Kuɗin taifin da bandin ma haka. Amma a kawo maka a filash ka buga, a'a. Lokacin da ka ce ya ƙure kuma, ka je wajen sufabaizanka gobe ka faɗa masa gaskiya, ka roƙi a rage faɗin aikin, unguwa ɗaya maimakon ƙaramar hukuma gaba ɗaya, makaranta biyu maimakon goma. Ƙaramin aiki naka da za ka iya karewa ya fi maka.

Tambaya: Malam ni kuma tawa matsalar daban ce. Ina mastas, yaran sashenmu 'yan aji biyu da uku sun maƙale min, kullum waya kullum saƙo Anti duba min wannan. Ina son taimaka musu amma ni kaina ba komai na sani ba, ina tsoron in ɓatar da su, ga nawa aikin yana tsaye. Daga wata 'yar'uwa a Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya saka da alheri, kuma wannan tsoron da kike ji shi ne ma ya sa na yarda da ke, wanda ba ya tsoron ɓatar da yara shi ne abin gudu. Ba sai kin san komai ba. Amfaninki a wajensu shi ne ba ki daɗe da wuce inda suke ba, kina tuna abin da ya ɗaure miki kai, farfesa kuwa ya yi shekara talatin da wucewa har ya manta akwai wanda bai san bambancin manufar bincike da tambayoyin bincike ba. A kan wannan tunanin Deanna Martin ta fara wani tsari a jami'ar Missouri da ke Kansas City a 1973, ɗalibin da ya ci kwas mai wahala shi ake sawa ya riƙa zama da masu ɗaukar kwas ɗin duk sati, kuma ba ƙaramin lakcara ake so ya zama ba, aikinsa ya sa su tattauna su warware da kansu. Tsarin ya bazu ƙasashe da yawa.

Abin da yake cinye miki lokaci shi ne ɗaiɗai da suke zuwa. Ki haɗa su wuri ɗaya, mutum huɗu ko biyar, kar su wuce haka, rana ɗaya a sati awa ɗaya, a laburare ko wani aji da babu kowa, ki ce musu duk mai tambaya ya riƙe ta sai ranar. Za ki sha mamaki, rabin tambayoyin junansu za su amsa wa kafin ki buɗe baki. Irin zaman darasu ne na tsangaya, kowa ya kawo allonsa a karanta a gaban jama'a, wanda ya ga kuskure ya yi gyara, ba a jin haushi don gobe naka za a duba.

Me za ku yi a awa ɗayan? Ni da zan zaɓa miki, maƙala ɗaya ku karanta tare duk sati, gajeriya, wadda aka yi aikinta a ƙasar nan don su ga abin ba na Turawa kaɗai ba ne. Shafin intanet na AJOL cike yake da mujallun jami'o'in Afirka, da yawa kyauta ake saukewa, ga Google Scholar, sannan ki tura su wajen ma'aikatan laburare su tambayi rumbunan da makaranta take da rajista da su, yara da yawa har su gama ba su san akwai wannan ba. Ki nuna musu ba daga shafin farko zuwa na ƙarshe ake karanta maƙala kamar labari ba, a fara da tsakure, a tsallaka a duba tebura da zane, a tambayi kai me mutanen nan suka auna, a kan mutum nawa ko samfur nawa, sannan a dawo a ga ko abin da suka ce sun gano ya yi daidai da abin da teburin ya nuna. Sati na farko za su yi zuru, sati na huɗu sai kin ce su yi shiru. Ki sa su sauke Zotero, manhajar adana manazarta, tun yanzu, kyauta ne, duk abin da suka karanta su ajiye a ciki, don kar su zo daren da za a kai kundi suna neman inda suka ga wata magana wata shida da suka wuce.

Kalma mafi amfani a bakinki ita ce ban sani ba, mu je mu tambayi Malam. Ki faɗe ta ba kunya. Duk abin da ya shafi sauya tofik, ko sinadari mai haɗari, ko ɗaukar jinin mutane da duba fayil ɗin marasa lafiya wanda sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba da izini, ba hurumin siniya ba ne ko kaɗan.

Sai abu biyu da nake so ki kula. Na farko in yaro ya yi miki aiki na gaske, ya yi wata uku yana tattara bayanai ko yana gwaji, to ku yi maganar suna tun kafin a fara rubuta maƙala, wa zai shiga jerin marubuta wa za a yi wa godiya kawai, a gaban sufabaiza, don na ga zumunci da yawa ya lalace a kan wannan, kuma cin guminsu zalunci ne ko da sunan koyarwa aka yi. Na biyu ki tsare su daga mujallun nan na 'yan damfara masu turo imel suna cewa turo kuɗi mu buga maka cikin kwana uku, babu wanda zai duba aikin. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayensu kafin ya rufe jerin a 2017. Yaro yana ɗokin ganin sunansa a intanet sai ya zuba kuɗin abincinsa a rami.

Naki aikin kuma ba zai tsaya ba in kin tsare awa ɗayan nan, hasali ma ranar da kika yi wa 'yar aji biyu bayanin hanyar bincikenki har ta gane, kin yi rabin shirin difens ɗinki.

Tambaya: Malam siniyata ta ce in jera manazarta ta wata hanya, sufabaiza ya ja jan biro a kai duka ya ce ba haka ba. Ita kuma ta ce nata ne na zamani. Wa zan bi?

Amsa: Sufabaiza. Mai yiwuwa ma ita ce da gaskiya, misali tsarin jera manazarta na APA ya fito da bugu na 7 a 2019 inda aka daina rubuta garin da aka buga littafi, wasu sassan kuma har yanzu na 6 suke bi, amma ba ita za ta sa hannu a kundinki ba. Ki nemi ɗan littafin ƙa'idar rubuta furojet na sashenku in akwai, shi ne alƙali. Kuma dan Allah kar ki je ki ce masa ai Anti wance ta ce kaza, kin haɗa ta faɗa da malaminta a banza. In abin ya dame ki ki tambaya da ladabi, Malam wane bugu sashe yake bi, shikenan.

Tambaya: Malam ni uba ne. 'Yata tana aji uku, ta ce akwai wani ɗalibi na gaba da su da yake koya mata harkar bincike, ina ganin suna waya har bayan isha'i. Ba na son in hana ta karatu amma hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Alhaji Allah ya ƙara girma, damuwarka a kan hanya take, kuma na ji daɗi da ba ka fara da hanawa ba. Koyon bincike wajen na gaba abu ne mai kyau kuma ana yi, amma babu wani abu a cikinsa da yake buƙatar wayar dare. Duk abin da zai koya mata zai koyu da rana, a laburare ko a lab, tare da wasu ɗalibai. Ka zaunar da ita cikin lumana, ko ka sa mahaifiyarta, ka tambaye ta me suke bincike a kai, su nawa ne, wane malami ne ya san da zaman. In harkar karatu ce za ka ga tana ba ka amsa da ɗoki har ta gundure ka da bayani, in kuma ta fara kame-kame ka gane. Ka ba ta shawara ta jawo ƙawayenta biyu su zama rukuni, ko ta nemi mace a cikin 'yan mastas, yanzu suna da yawa a kusan kowane sashe. In kuma yaron da wata niyya yake to ƙofar gida a buɗe take, ya turo manya, a daina fakewa da furojet.

Su kuma 'yan matan da ke karanta wannan, duk siniya ko malamin da ya fara haɗa taimako da sharaɗi, zo ki same ni a ɗaki, ko in ba ki yi kaza ba ba zan duba miki ba, ki ajiye saƙonnin kar ki goge, ki faɗa wa wata malama da kika yarda da ita ko ofishin kula da harkokin ɗalibai, kuma ki faɗa a gida.

Tambaya: Malam duk maganarku ta 'yan kimiyya ce. Ni Tarihi nake karantawa aji biyu, ba mu da lab ba mu da kwalabe, wa zan taya aiki? Kuma tunda akwai ChatGPT yanzu ina ganin ma ba sai na bi wani siniya ba. Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ƙanina ka kama ni, gaskiya na fi karkata can saboda can na fito. Amma ku ma kuna da naku lab ɗin, har ya fi namu daɗin zama. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna inda fayilolin zamanin Turawa suke, na lardin Kano da Zariya da Sakkwato da sauransu, akwai Arewa House a nan Kaduna, tsohon gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin jami'ar ABU ta Zariya, ga Mambayya House a Kano, ga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗan mastas ɗin da zai je ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar mai taya shi duba kundin jerin fayiloli da kwafe lambobinsu, ka ce za ka bi shi ka biya kuɗin motarka. In hira zai yi da dattawa ka riƙe masa rikoda, ka ga yadda ake shiga zaure, yadda ake gaisuwa a gabatar da kai a nemi izinin ɗaukar murya, da yadda ake haƙuri tsoho ya zaga ya zaga kafin ya iso kan maganar, in ka katse shi ka rasa ta. In kun dawo ka karɓi aikin mayar da hirar rubutu, hirar awa ɗaya tana iya cinye maka yini, kowa gudunta yake yi, amma a nan kunnenka zai buɗe. In kana iya karanta ajami kuwa, kai ne za a riƙa nema ba kai za ka nema ba. Kuma dattawan nan ba jiranka za su yi sai ka kai aji huɗu ba, kakanka ma in yana raye ka fara da shi a hutun nan.

ChatGPT kuma tun da ya fito a ƙarshen 2022 nake ganin aikinsa a kundin yara. Yana da amfani in kana son a sauƙaƙa maka wata magana mai wuya ko a duba maka Turanci, amma yana ƙirƙiro manazarta, ya ba ka sunan marubuci na gaske da taken littafin da babu shi a duniya, da shekara da shafi, tsaf kamar gaske. Duk abin da ya ba ka sai ka gan shi da idonka kafin ka sa a takarda. Kuma bai san wace fayil ce ta yage ba, bai san wane dattijo ne a unguwarku ya ga zamanin En'e ba, bai san sufabaizan da za a ba ka ba ya son a kira shi ranar Juma'a ba. In ma harkar kwamfutar ce take burge ka, akwai matasa irin su HausaNLP da Masakhane da suke aikin koya wa na'ura harsunan Afirka, a intanet suke haɗuwa, na gaba yana jan na baya, kuma suna buƙatar wanda ya iya Hausa sosai ko da bai taɓa rubuta manhaja ba. Amma kafin nan, ranar Litinin ka je allon sanarwa na sashenku ka duba ranar da 'yan mastas za su gabatar da semina, ka shiga ka zauna a baya da biro da takarda, in an tashi ka bi wanda aikinsa ya fi burge ka ka tambaye shi yaushe zai koma Kaduna.